Malama Kunduz da Kyarketan Aji Bakwai

Idan ka ji ana faɗa da sassafe a layinmu, ba sai ka leƙa ba, Malama Kunduz ce. Ko dai da kaji take yi, ko da murhun da ya ƙi kamawa, ko da mijinta Mambet, wanda shi kuma Allah ya yi shi kamar buhun ulu, duk inda ka naushe shi hannunka ne zai nutse. Katanga ɗaya ta raba gidansu da namu, kuma katangar ba ta taɓa rufa mata asiri ba.

A makiyayar kan dutse aka haife ta, da bazara, lokacin da mutane ke hawa da dabbobinsu. Ubanta Sagin makiyayin haya ne, tumakin wasu ya yi ta bi har ya mutu, nasa na kansa ba su taɓa cika garke ba. Tun tana 'yar mitsitsiya ta san kyarkeci ido da ido, ta kuma san abin da yake bari na tunkiya idan gari ya waye. Da ta girma aka tura ta garin Narin karatun malanta. Ta dawo da takardar shaida, da tabarau, da bakin da ya ninka wanda ta tafi da shi. Mambet ya aure ta da idonsa biyu, ba wanda ya yi masa dole. Har yau in aka tambaye shi dalili sai ya ce ta iya shayi.

Shekara kusan ashirin tana koyar da kimiyya a makarantar ƙauyenmu, kuma duk shekara akwai wani shafi a littafin 'yan aji bakwai da ke tayar mata da hawan jini: darasin dabba mai farauta da wadda ake farauta. An zana zaki, an zana jakin dawa, an rubuta dogon bayani a ƙasa, yara su haddace su zubar a jarrabawa.

"Yaron da ya kwana yana jin kukan kyarkeci a bayan garken ubansa," haka take faɗa wa Mambet, mu kuma muna ji ta katanga, "shi za a zaunar a ce ya haddace zaki. Ina ya ga zaki? Wanda ya rubuta littafin ma ina ya gan shi?"

Mambet ya ce, "Haka ne."

"Me ne ne haka ne? Ka ma ji abin da na ce?"

"Haka ne," in ji Mambet.

To a kakar bara sai ta ce ta gaji. Ta bi gida-gida tana karɓar cuko, 'yan ƙasusuwan ƙafar tumakin nan da yara ke wasa da su. Ta rina huɗu ko biyar ja, ta bar sauran farare, ta zuba cikin tsohuwar hular Mambet, ta kora yaran aji bakwai filin bayan makaranta.

Dokar ba ta da wuya. Kowa ya rufe ido ya sa hannu a hula. Ja kyarkeci, fari zomo. Zomaye su ƙetare filin daga katanga zuwa tulin gawayi. Kyarkecin da ya kama zomo ya ci ke nan, ya rayu, kuma wanda aka kama ya zama ɗansa, a zagaye na gaba shi ma kyarkeci ne. Wanda bai kama komai ba yunwa ta kashe shi, ya kwanta a ƙasa, in an sake zagaye ya tashi a zomo. Bayan kowane zagaye a ƙirga. Da idonsu yaran suka ga yadda kyarketai ke yawa zomaye su ƙare, sannan kyarketan su zube, zomaye su sake cika fili. An ce ranar har murmushi Malama Kunduz ta yi, ko da yake ba mu samu shaida biyu ba.

Abin da bai zo mata a rai ba shi ne hula ba ta san ɗan gidan kowa ba.

Urmat, jikan tsoho Japar, ya sa hannu ya zaro fari. Japar kuwa shi ne mai dawakin da in suka sauko daga dutse sai an tsayar da mota su wuce. Shi ake miƙa wa kan rago a kowane biki, shi ya ba makaranta gawayin da ake maganar tulinsa. Ita kuma wadda ta zaro ja ta bi Urmat ta damƙe masa wuyan riga tun bai kai rabin fili ba, Sezim ce, 'yar makiyayin da Japar ya ɗauka haya, yarinya siririya mai gudu kamar an harbo ta. Kafin a tashi makaranta sunan yaron ya tashi daga Urmat ya koma Zomo ɗan Sezim. Kafin magariba sunan ya isa shagon ƙauye, kuma abin da ya isa shago ya isa ko'ina.

Washegari Japar ya zo makaranta a kan doki, ya ɗaure shi a jikin sandar tuta, ya shiga ɗakin malamai da bulalarsa a hannu, farar hularsa ba ta ko motsa ba.

"Wacece 'yar Sagin a cikinku?" Ya san ta sarai, shi ya yanka rago ranar aurenta.

Ta miƙe, ta gaishe shi yadda ya kamata, don duk masifarta ba ta rasa tarbiyya ba. "Ni ce, Baba. Sannu da zuwa."

"Ke kika mai da jikana zomo?"

"Hula ce ta mai da shi, Baba."

"Hula ce ta sa mace ta ja shi a wuya a gaban jama'a? Hula ce ta ce shi ɗan 'yar barana ne? Kakanni bakwai na yaron nan ina iya jero miki su a tsaye, ba matsoraci ko ɗaya. Mutum ya kawo ɗansa a koya masa karatu, a koya masa gudun tsira?"

"Gudun ma bai iya ba, Baba, shi ya sa aka kama shi."

Malamar lissafi ta ƙware da shayi. Hedimasta Esenbek, wanda ya shigo da gudu yana gyara ɗamarar wuya, ya yi tsuru-tsuru kamar shi aka kama. Japar ya dube ta sama da ƙasa, ya buga bulalar a jikin takalminsa, ya ce da Esenbek ko malamar nan ta wanke sunan jikansa, ko kuma kada ya sake ganinta a gaban ajin. Ya fita.

Duk duniya ba abin da Kunduz ke so kamar aji bakwai. Ta ce 'yan aji biyar ba su san komai ba, 'yan aji tara sun ɗauka sun san komai, na bakwai ne kawai ke tambaya don suna son amsa. Esenbek ya san haka, shi ya sa ya rufe ƙofar ofis ya yi ƙasa da murya.

"Ƙanwata, ki taimake ni. Sanyi na tafe, gawayin ɗumama makaranta kuma daga hannunsa yake fitowa. Ki je ki ce ya yi haƙuri, me zai rage ki?"

"In ba shi haƙurin me? Na koyar da darasi?"

"To a sake wasan. A kira iyaye su gani, a ba yaron ja, ya kama wani, tsoho ya ji daɗi, ajinki ya zauna a hannunki. Shi ke nan."

"Wato in yi wa hula maguɗi."

"Wato ki bar ni in kai fansho lafiya."

Ta zazzaga masa masifa har sai da ta ji maƙogwaronta ya bushe, amma a ƙarshe ta yarda. Ja ɗaya ne dai, in ji ta, ba zai kashe darasi ba.

Sai dai magana ta fita cewa za a ba jikan Japar ja. Mai shago ya zo ya samu Esenbek, ya ce shi nasa ɗan da me ya gaza? Direban motar asibiti ya ce in aka mai da nasa zomo, to hedimasta ya nemi mai kai surukarsa gari. Wata tsohuwa ta aiko da ƙwaryar man shanu da saƙon cewa jikanta kakansa maharbi ne. Masu 'ya'ya mata ma suka ce tunda 'yar makiyayi ta yi kyarkeci, nasu ba za su yi zomo ba. Esenbek bai iya cewa a'a ba ko ga kare. Ya karɓi cuko a wajen jikokinsa, ya sayo jan fenti, ya zauna a ofis yana shafawa da kansa.

Ranar wasan filin ya cika. Maza a gefe ɗaya sun dogara da katanga, tsofaffin mata an fito musu da benci, Japar an sa masa kujerar hedimasta a tsakiya. Kunduz ta fito da hularta ta tarar an riga an raba. Yara sun yi layi, kowa ya damƙe ja a hannu, fentin ma bai gama bushewa ba. Can gefe guda huɗu suna tsaye da farare. Sezim ɗaya. Sauran ukun iyayensu na Rasha wajen aiki, suna zaune da kakanni masu ciwon ƙafa, ba wanda ya je ofis ya yi magana a kansu.

Ta dubi huɗun nan, ta dubi Esenbek. Wuyanta ya yi ja har kunne.

"Me ke nan?"

"Ki yi haƙuri, ƙanwata, ki dai hura kawai," ya ce, yana ɓoye yatsunsa masu fenti a aljihu.

"Kyarkeci ashirin da wani abu, zomo huɗu. A wane dutse ka taɓa ganin haka?"

"Mutane na kallo."

"Ai su nake so su kalla."

Ta sa usur a baki ta hura. Abin da ya biyo baya ba wasa ba ne, turmutsutsu ne. Kyarketai suka ruga gaba ɗaya, suka yi karo da juna, wani ya taka wani, ɗan mai shago ya kama ɗan direba ya ce ya ci, aka ce masa ai ɗan'uwansa ne. Zomaye uku aka danne su a taku kaɗan. Sezim ta kauce nan, ta sunkuya can, ta wuce ta ƙarƙashin hannun Urmat, ta haye tulin gawayi ta zauna tana haki. Duka-duka bai kai a sha kofin shayi ba.

Kunduz ta sake hurawa. "Wanda ya ci ya tsaya. Wanda bai ci ba ya san doka."

Yara suka zube. Sun san doka, kuma ba abin da suka fi so a wasan kamar wannan wurin. Wani ya miƙe ƙafafu sama, wani ya zaro harshe, wata ta yi 'yar shure-shure kafin ta saki jiki. Filin makaranta ya cika da 'ya'yan mutane a kwance kamar an yi annoba.

Tsofaffin matan suka tashi da salati. Wata ta shiga tofe-tofe ta kafaɗa, wata ta jefar da sanda ta nufi jikanta. A wajenmu yaro ba ya kwaikwayon gawa, ko a ɗaka aka gan shi sai ya sha mari, balle a fili, a gaban kakarsa, wai malama ce ta sa shi.

"Urmat, tashi," in ji Japar. Bai ɗaga murya ba.

Yaron ya ɗago kai.

"Kwanta," in ji Kunduz. "Me ka ci?"

Ya mayar da kai.

"Na ce ka tashi, ɗan banza."

"Ba zai tashi ba sai na ƙirga." Ta juya ga mazan da ke jikin katanga, kuma duk wanda ya san ta ya san an wuce wurin lallashi. "Ba ni na raba ba, ku kuka raba. Kowa ɗansa ne zai ci. To wa za a ci? Ga su nan, guda huɗu, waɗanda ba su da mai zuwa ofis. An cinye uku kafin in cire usur daga bakina. Gobe kuma fa? Junansu za su ci? Kullum kuna bin dutse, kun san inda kyarkeci ɗaya yake sai an sami zomo da akuyar daji ba adadi. Dabba ta san wannan, ku ne da kuka sa hula ba ku sani ba."

Da an yi shiru da sauƙi. Amma wani daga baya ya fashe da dariya, wani ya taya shi, kuma Japar ya ji. Ya tashi daga kujerar hedimasta a hankali.

"Rannan zomo, yau gawa," ya ce. Ya dubi Esenbek. "Na ba ka zuwa jibi ka raba ta da ajin."

Da yamma ba mu ji komai ta katanga ba, abin da ya fi faɗan ba mu tsoro. Mambet ne ya tafi shago ya sayo ganyen shayi, da alewa, da farin kallabi na kai wa matar Japar, ya ajiye mata a kan tebur. Ya yi maganar da ta fi kowace tsawo tun aurensu.

"Ki je. Ba don shi ba. In kika bar ajin nan, mu za mu sha wahalarki a gida."

Ta tafi. Ta sa rigarta ta biki, ta ɗaura kallabi, tana tafe tana maimaita kalmomin a ranta kamar mai haɗiyar magani. A gidan Japar aka zaunar da ita can bakin ƙofa, inda ake zaunar da yara da 'yan aike. An shimfiɗa ledar cin abinci, ga burodi, ga man shanu, ga zuma. Mai zuba shayin Burul ce, uwar Sezim, tana durƙushe kusa da buta, ba ta ɗaga ido ba. Kunduz ta ajiye kayanta a gaban tsohon.

"Baba, na zo ne in ce ka yi haƙuri. Ni yarinyarka ce. Bakina ya yi tsawo a gaban mutane."

Allah ya sani kalmomin nan sun fito mata kamar ana zare ƙaya. Japar ya kurɓi shayi, ya bar ta ta jira, sannan ya gyaɗa kai.

"Ubanki mutumin kirki ne, ya san matsayinsa. Na haƙura. Ki koma ajinki. Wasan nan dai an gama shi."

"An gama, Baba."

"Ita ma yarinyar na yi magana da ubanta. Karatun ya isa haka, ta zauna a gida zuwa bazara. Akwai tatsa, akwai wanki, uwarta ba ta iyawa ita kaɗai. In ba ta ajin, sunan zai mutu da kansa."

Butar da ke hannun Burul ta ɗan karkace, shayi ya zuba a gefen kofi. Ta goge da bakin zanenta.

Kunduz ta dubi burodin. An ba ta ajinta, ga shi a hannu, abin da ya rage ta gutsiri burodi ta yi godiya ta tashi. Matar Japar ma har ta tura mata farantin.

"Wace yarinya?" ta ce.

"Kin ji ni."

"Yarinyar da ta fi kowa a ajin? Don ta fi jikanka gudu? To ka cire duk wanda ya fi shi lissafi ma, Baba, ka ga sai ya zauna shi kaɗai da allo, ya zo na ɗaya."

"Kunduz," in ji matar Japar, "ci burodi."

Ba ta ci ba. Ta miƙa hannu ta ɗauke ganyen shayinta, ta ɗauke kallabin, ta cusa a jaka. Alewar ta ajiye a cinyar Burul. Ta tashi ta sa takalmi ta fita, ba ta taɓa burodin gidan ba ko da ɗan yatsa. Wanda ya zage ka ana iya shirya ku a biki. Amma a wajenmu wanda ya fita daga gidanka bai ɗanɗana burodinka ba ya gama magana.

Da safe Esenbek ya karɓe aji bakwai ya ba malamin wasanni, wani saurayi mai suna Kubat, wanda ya san kokawa ciki da waje, kimiyya kuwa sai dai ya karanta ta da yatsa. Ita aka tura ta aji biyar. Ta yi kwana da kwanaki tana faɗa da duk abin da ya gifta, har karenmu ya daina bi ta ƙofarsu. Kullum bayan an tashi sai ta je ta tsaya a ƙofar uban Sezim, ba ta shiga, ba ta tafiya, tana faɗa masa abin da doka ta ce da abin da ita ta ce, har bawan Allah ya ga fushin Japar ya fi sauƙi. Yarinyar ta koma makaranta. Ajin dai bai koma hannun Kunduz ba, kuma Esenbek ya ce muddin tsohon na numfashi ba zai koma ba.

Yanzu lokacin da aji bakwai ke kimiyya ya zo daidai da lokacin da ba ta da darasi. Maimakon ta zauna a ɗakin malamai kusa da murhu kamar mai hankali, sai ta sa kwat ta zagaya bayan ginin ta tsaya a gindin taga. Kubat na ciki yana karanta littafi, yana tuntuɓe a kan kalmomi, ita tana waje tana cika tana batsewa.

Rannan ana zuba dusar ƙanƙara ya karanta cewa idan masu farauta suka ƙaru, abin farauta ma sai ya ƙaru.

"Raguwa yake yi," aka ce daga waje. "Ka tsallake layi. Koma sama."

Yara suka sunkuyar da kai suna ƙunshe dariya. Kubat ya koma sama, ya ga haka ne. Ya je ya buɗe tagar, ya same ta dusar ƙanƙara ta rufe mata kafaɗu, tabarau ya yi hazo.

"Malama, don Allah ki shigo mana. Sanyi zai kama ki."

"Ba ajina ba ne," ta ce. "Ci gaba, ina jin ka."